Yadda Muka Je Neman Muryar Gangar Kawu

Tun da muka dawo daga Goronyo ban huta da tambaya ba. A ofis, a majalisarmu ta ƙofar gida, har a bakin masallaci sai wani ya tare ni ya ce wai da gaske ne na ɗauki tsoho mai shanyayyen hannu na yi ta yawo da shi gari gari don kawai ya saurari rediyo? Na gaji da cewa ba rediyo ba ce. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ni malamin gona ne a nan Wurno. Kawu Mamman yayan mahaifiyata ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe hauya a gayya a ƙasar nan ya san gangarsa. Gangar noma ce babba, sanda a hannun dama, yatsun hagu suna amsa mata a kan fata. A gayyar ƙarshe da ya kaɗa, wani malamin kwaleji mai bincike ya ɗauki kiɗan tun daga fari har ƙarshe da na'ura mai kyau, ya bar mini cikakkensa a memori. Bayan girbin shekarar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Kawu. Allah ya tashe shi, amma hannun hagu bai tashi ba, aka rataye ganga a ɗaki.

Guntayen kiɗan kuwa sun bi wayoyin mutane. Wata safiya a teburin mai shayi wani ɗan acaɓa ya kunna shi a wayarsa, Kawu ya waiwaya ya ce wane ne wannan ke dukan gwangwani? Aka ce masa ai kai ne. Mutane suka yi dariya, ba da mugunta ba, amma dariya dai dariya ce. Ko shayin bai ƙarasa ba ya zo gidana.

“Ummaru,” ya ce, “abin ga da anka ba ka ajiya, goge shi. Ban bar ma jikokina gwangwani su ce shi na kiɗin kakansu.”

Na ce masa laifin waya ne, ba ta iya fitar da muryar babbar ganga. Ina da tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifika biyu manya da na saya wurin wani da ya rufe gidan kallon ƙwallonsa, sai na jona su da kwamfutata ta ramin da ake sa abin kunne, na kunna masa. Wani shuuu ya cika ɗakin kamar ana suyar ƙosai, gangar kuma tana can baya siririya. Kawu ya saurara kaɗan, ya nemi takalminsa, ya ce wannan ai gwangwani ne babba.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Na wayoyi guntaye ne, za su mutu tare da wayoyin. Wanda ke hannuna shi kaɗai ne cikakke, hannun da ya kaɗa shi kuma ba zai sake kaɗa wani ba.

Muna da wani ɗan zaure a waya, mu 'yan kaɗan masu ɓata lokaci a kan sauti, matanmu suna kiranmu marasa aikin yi. Na kai kukana can. Suka ce amfilifayarka lafiya lau, sifika ma haka, ɓarnar tana faruwa ne tun kafin sauti ya iso gare su. Akwati biyu nake bukata. Na farko shi ake kira dak: kiɗan da ke cikin kwamfuta lambobi ne zalla, shi ne yake mayar da su sautin da kunne zai ji, kuma wanda ke cikin kwamfutata ɗan mitsitsi ne mai hayaniya. Na biyu firi'am, shi yake karɓar sautin ya daidaita ƙarfinsa ya miƙa wa amfilifaya. Da na ce to wanne zan saya, sai zaure ya kaure, kowa nasa ne sarki. Ga shi babu shagon da za ka je da tsoho ku shimfiɗa tabarma ku saurara kafin ka zaɓa, in kuma ka sa aka aiko maka daga Legas ya zama naka ko ya yi ko bai yi ba. Mutum biyu suka ce in zo gida in ji nasu: Alhaji Buhari a Rabah, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, da Malam Nasiru, malamin asibiti a Goronyo.

Kunnena ba shi ne alƙali ba, don haka na roƙi Kawu ya bi ni. Ya yarda, amma da sharaɗi: in muka gama yawonmu ya ce a goge, zan goge a gabansa ba tare da ƙara ko kalma ba. Na ɗauki alkawari.

Na loda amfilifaya da sifikoki a bayan tsohuwar motata, domin an ce mini in ba da kayana na gwada ba, kayan mai gida zan ji, ba akwatin ba. Da can akwai hanyar da ake yankewa ta daji zuwa Rabah, yanzu ba mai bin ta sai wanda ya gaji da duniya, saboda haka muka zagaya ta kwalta. A Achida na tsaya shan mai, wasu mata masu tallar gyaɗa suka leƙa suka ga sifika, suka hau tambayar wane gida ne bikin, kuma ko tsohon nan shi ne uban ango. Kawu ya ɗaure fuska har muka bar garin. Daga nan kuma bakinsa ya buɗe. Kowace gona muka wuce ya san mai ita ko uban mai ita, ya san wadda ya kaɗa wa gayya da wadda aka yi masa rowar fura. Da muka matsa wajen Rabah muka fara wuce gonakin da ciyawa ta cinye, masu su sun gudu saboda 'yan bindiga.

Alhaji Buhari ya tarbe mu kamar mun dawo daga Makka. Dogo ne, mai magana a hankali, kuma a gidansa ba a taɓa waya ko maɓalli sai an ci abinci. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, ga nono mai kauri irin wanda mu a Wurno sai ka san Bafillatana da kanta kafin ka same shi. Bayan la'asar ya shigar da mu ɗakin sautinsa. Kowane akwati an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado kamar kwanon amarya. Ya yaye na firi'am ɗinsa da hannu biyu, sai ga wasu kwalabe ƙanana a tsaye a kansa, irin na rediyon da. Muka jona kayana da shi da dak ɗinsa, ya kunna, kwalaben suka yi ja a hankali. Ya ce sai mun jira su ɗau zafi, don haka muka zauna muna kallon kwalabe kamar masu jiran shayi ya nuna.

Da ya saki kiɗan, wallahi tsigar jikina ta tashi. Shuuu ɗin nan ya tafi. Ganga ta fito da kauri da taushi, ta cika ɗakin, har ina jin ta a ƙirjina. Daɗi ya kwashe ni na manta inda nake.

“Alhaji,” na ce, “tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin abu mai daɗin wannan ba. Kai, da ni ke da irin wanga!”

Kawu ya mintsine ni a cinya, amma magana ta riga ta fita. Mu a Wurno in ka yaba abin mutum zai ce maka ai naka ne, kai kuma ka ce na gode, na bar maka, a yi dariya a wuce. Ashe Alhaji Buhari mutumin da ne, a gidansu ba a faɗin wannan da baki kawai. Ya miƙe ya zare wayoyin akwatin, kwalabe da sauran zafinsu, ya naɗe shi cikin ƙyallensa ya ajiye a gabana. Na roƙa, na rantse ba abin da nake nufi ke nan ba, na ce wasa nake. Ya ce, “Baƙona bai yaba abu gidana ya tahi ya bar shi. In ka maido, kai da ni mun ɓata.” Yana faɗi yana kallon gurbin da akwatin ya bari a kan tebur, na ga yadda abin ya yi masa ciwo. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Akwatin yana gidana har yau, ina jin waƙoƙi da shi, kuma ban taɓa kunna shi ban yi wa mutumin nan addu'a ba.

Muka fito alwala ni da Kawu. Na matsa kusa na ce yaya ya ji.

“Gangar ga ta hi tawa daɗi,” ya ce. “An zuba mata zuma. Ni dai ban san mai ita ba.”

A gidan Alhaji muka kwana, a ɗakin baƙi na zaure. Fanka ɗaya ce mai aiki da batir, aka juya ta wajen Kawu, ni kuma sauro suka yi walima da ni. Da safe bayan koko da ƙosai na biya kasuwa, don an ce akwai mai sayar da kayan sauti. Na same shi, mutum mai fara'a, da wani firi'am mai maɓallai jere kamar haƙora da fitilu masu rawa. Kun san yadda muke gwada kayan sauti a ƙasar nan: a murɗa har ƙarshe, in maƙwabta sun fito to kaya ya yi. Haka ya yi. Ya murɗe maɓallin kauri har ya ƙure, gangar Kawu ta fito kamar aradu, kwanon rumfa ya hau kaɗawa, kajin mai kaji na kusa suka nemi tsere da kejinsu. Mai shago yana ta murmushi yana jiran yabo. Kawu ya toshe kunne ɗaya da hannunsa mai lafiya ya ce mini, “Tashi mu tahi tun ba a ce mu munka kawo hari ba.”

Ba mu tsallaka iyakar ƙasa ba a tafiyar nan, amma shingen da ke kan hanyar Goronyo bai bar wa iyaka komai ba. Aka ce mu sauka, aka buɗe bayan mota. Sifika ba su dami kowa ba. Ƙyallen Alhaji ne ya jawo magana. Jami'in da ya kwance shi ba Bahaushe ba ne, da ya ga kwalabe da wayoyi sai ya ja da baya ya gyara riƙon bindigarsa. Na shiga bayani, ina cewa dak ina cewa firi'am, duk abin da na faɗa sai ya ƙara lalata zancen. Ban ga laifinsa ba, wanda yake kwana a wannan hanya dole ya tsorata da abin da bai sani ba. Ana cikin haka wani ɗan sa-kai mai furfura a gemu ya leƙo ta taga, ya ƙura wa Kawu ido, sai ya durƙusa.

“Baba Mamman mai ganga? Kai na?”

Ashe yana saurayi ya sha noma a ƙarƙashin gangar Kawu a gayyar wani ƙauye. Ya juya ya yi wa jami'in bayani, da ya ga bayani bai isa ba sai ya sunkuya ya kama noma da bindigarsa ta gida a bakin kwalta, yana kaɗa gangar da bakinsa. Jami'in ya fashe da dariya, ya naɗe akwatin da kansa, har ya ba mu ruwan leda masu sanyi. Kawu ya yi kamar abin bai dame shi ba, amma na lura ya gyara zaman hularsa.

Malam Nasiru ɗan gidan masunta ne, gajere mai yawan dariya, gidansa yana kusa da gonakin rani da ke shan ruwan dam. Mu mutanen Wurno muna ganin albasa tamu ce mu kaɗai, sai da na ga tasu na rage baki. Kifi kuwa ba a magana. Mu kifi abin marmari ne, a tsoma ɗan guntu a miya a yi ta labari. Su a can shinkafa ce ke raka kifi. Aka kawo mana farfesun tarwaɗa da gasasshen karfasa, na ci har na ji kunya. Amma na riga na ɗauki darasi a Rabah, na ƙudura ba zan yaba komai ba a gidan nan ko da tabarma ce. Na cinye na yi gum. Can sai matarsa ta aiko daga ciki tana tambaya ko gishiri ne ya yi yawa, baƙo bai ce komai ba. Da na ba Malam Nasiru labarin abin da ya same ni, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in yaba abin da na ga dama, shi ko cokali ba zai ba ni ba.

Da na ga kayan sautinsa sai na raina su. Dak ɗinsa bai fi sabulun wanki girma ba. Firi'am ɗin baƙin akwati ne mai maɓalli ɗaya tak, na ƙara murya da ragewa, ba fitila ba ado. Ya ce da gangan ya zaɓi waɗanda ke aiki da ƙaramar wuta, yana ba su daga batirin sola, domin janareta da wutar gari suna shigo da wani gurnani cikin sauti. Wannan shawara kaɗai ta isa a yi tafiya dominta, ku da kuke tambayata me za ku saya: ku fara duba wutar da za ku ba abin.

Muka jona kayana. Na roƙa a fara da dak ɗinsa haɗe da akwatin Alhaji mai kwalabe, don ni zuciyata tana can. Ya fito da daɗi kamar jiya, har ya fi. Na saci kallon Kawu, yana zaune a tabarma ya jingina da bango, yana sakace. Sai Malam Nasiru ya cire na kwalabe ya sa baƙin akwatinsa, ya mayar da kiɗan farko.

Gaskiya da farko ban ji daɗinsa ba. Zumar ta tafi. Amma sai na fara jin abubuwan da ban san suna ciki ba: saukar hauyoyi a ƙasa tare, nishin maza, wani yana kiran a kawo ruwa daga nesa. Gangar ba ta cika ɗaki ba, tana tsaye ne a wuri ɗaya, kamar mutum yana gabanka da ita a rataye. Kuma a ƙarƙashin kowane bugun sanda akwai wani ɗan taushin sauti, yatsun hagu suna taɓa fata suna amsawa. Kawu ya jefar da tsinken sakace. Ya tashi daga jingina. Hannunsa na dama ya fara motsi a kan gwiwa.

Mun yi nisa a haka, sai ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Maida baya kaɗan.”

Na mayar. Ya saurara, ya ce in sake. Na sake.

“Kun jiya?”

Muka ce ba mu ji komai ba.

“Sanda ta sauka, hagu bai amsa ba. Ga shi nan kuma. Nan na, Ummaru. Nan hannun ga yah hwara.”

Sai da ya faɗa na ji. Ɗan taushin nan yana zuwa, ya makara, ya zo, sannan ya ɓace gaba ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, na kawo shi da kaina inda zai ji abin da ya fi gwangwani ciwo. Na yi nadamar cire akwatin Alhaji, wanda ya lulluɓe wannan wuri bai bari an ji ba.

Kawu ya yi magana yana kallon hannunsa da ke kwance a cinya. Ya ce a ranar, rana tana tsaka, ya ji yatsunsa sun yi sanyi kamar ba nasa ba. Bai gaya wa kowa ba. Abin da ya biyo baya kuma ba ya iya tuna shi, ciwon ya tafi da shi. Tun da ya tashi daga jinya yake zaton daga nan kiɗan ya watse, ya kunyata a gaban mutane, suna ɓoye masa ne don girmansa. Da ya ji abin nan a teburin mai shayi sai ya ce to ga shaida.

Malam Nasiru ya tambaya a hankali ko a kashe.

“A'a. Sake shi ya tahi. In ji mi niy yi.”

Na saki. Hagu ya tafi bai dawo ba. Na ɗan lokaci gangar ta yi rawa kamar mai ɗingishi, har aka ji hauyoyi sun fara saɓa wa juna. Sai sanda ta canza. Ta fara sauka biyu biyu, bugu mai ƙarfi da ƙarami a bayansa, tana yin aikinta tana yin na yatsun da suka tafi. Hauyoyi suka dawo suka haɗu. Wani ya yi kirari, maza suka amsa, kiɗan ya ƙara wuta. Haka ya ja su, kunyar gona bayan kunya, da hannu ɗaya, har muka ji guɗar mata daga bakin gona da ihun waɗanda suka fara kaiwa. Sanda ta yi bugu na ƙarshe, aka bar iska da dariyar mutane.

Hawaye na bin gemun Kawu, bai share ba. Ni ma nawa sun zubo, kuma ban ji kunyar Malam Nasiru ba, don shi ma ya juya yana gyaran wata waya da ba ta lalace ba. Ban taɓa jin godiya ga Allah da ga mutane irin ta wannan yammaci ba: malamin da ya ɗauka, Alhaji da ya ba ni abin da yake so, mutumin shinge, da wannan mai gida da ɗan baƙin akwatinsa da bai ƙara komai ba bai rage komai ba.

“Ashe na kai su,” in ji Kawu. “Ashe na kai su bakin gona.”

Alkawari dai yana nan. Na jawo kwamfuta gabansa, na ɗora yatsa, na ce, “Kawu, ga mu ƙarshen tafiya. In goge?”

Ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya ya ɗauke shi daga kan kwamfutar, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

“Biɗo irin akwatunan ga ka aje gida, waɗanga da ba su ƙarya. In sun zo ka tara min ɗiyana da jikoki. Su ji inda hannun ubansu yam mutu, su kuma ji bai aje sanda ba.”